Wayar da Sekove Ya Binne

Sekove Naivalu ba marowaci ba ne, wannan duk unguwarmu a Lautoka an shaida. Injin yankan ciyawarsa yana gidan wani ɗan baffansa tun bara waccan. Tsaninsa ya tafi gyaran rufin coci, har yau shiru. Babbar tukunyar matarsa Kelera kuwa ta zaga gidajen biki da na makoki har ba a san a hannun wa ta maƙale ba. Haka muke a nan, ɗan'uwa ya zo ya zauna ya roƙa, ka ba shi, gobe kai ma ka je ka roƙa. Sekove ya yi furfura bai taɓa ce wa na jikinsa a'a ba.

Amma lasifikokin nan biyu da ke falonsa daban suke. Da hannunsa ya haɗa akwatunansu da katakon maɗaci bayan ya yi ritaya daga masana'antar sukari, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran injina. Ɗansa da ke Auckland ne ya aiko da kayan cikin. Wata da watanni yana goge katakon nan yana shafa mai, har Kelera ta ce ita ko ranar aurensu bai kalle ta haka ba. Kuma ba su ne na farko ba. Na farkon 'yan ƙwallon zari-ruga na unguwa ne suka ara don taron neman taimako, suka dawo da su ɗaya tana zuza kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba, ɗayar ko tari ba ta yi. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Kifi biyu suka haɗo masa da shi, shi kuma ya yi godiya, don haka aka saba.

To, sai ga bikin Ilaitia ya taso, ƙarshen wata. Ilaitia ɗan yayarsa Torika ne, kuma ɗan 'yar'uwa shi ne vasu: abin da idonsa ya sauka a kai a gidan kawunsa, nasa ne, ko roƙo ba dole ba ne ya yi. Yaron, in ma za a kira ƙato mai gemu yaro, ya biyo wata Lahadi bayan coci, ya tarar da Sekove ya sa faifai. Ya tsaya ya karkata kai, ya kira shi Momo, yadda ake kiran kawu a nan.

"Momo, ai wannan sautin in aka buɗe shi har garin Nadi za a ji."

Bai ƙara komai ba, ya sha shayi ya tafi. Sekove kuwa abincin rana ma tsakura kawai ya yi.

"Ka faɗa masa kawai," in ji Kelera tana ɓare rogo. "Ka ce Ilaitia, waɗannan dai ka bar mini."

"In ce wa vasu a'a? A bakin wa kika taɓa jin haka?"

"To ka ba shi."

"Su dawo mini da gawa da kifi biyu?"

"To ka zauna ka yi ta kumburi, ni ina da aiki."

Bai zauna ba. Kwana ya yi yana saƙa da warwara, da safe ya fito da dabara. Zai tona siririn rami a daɓen falo, daga inda amfilifaya take zuwa gindin kowace lasifika, ya shimfiɗa waya a ciki, ya rufe da siminti. Bakin wayar kuma ba zai ɗaura a waje ba, zai shigar da shi cikin akwatin ya liƙe da dalma. Ranar da Ilaitia ya zo, sai ya buɗe hannu ya ce ga su nan ɗana, da ma suna ɗaukuwa. Ba wanda ya hana, ba wanda aka hana.

"Falona za ka fasa?" in ji Kelera.

"Ɗan layi ne, tabarma za ta rufe."

"Allah ya shirye ka, Sekove."

Nan fa aiki ya koma kan waya. Wadda aka binne ba a canza ta, don haka dole ta zama mai kyau, mai kaurin da zai ɗauki sauti har ƙarshen ɗaki, wadda kuma iskar teku ba za ta ci ba, don a garin nan ko cokali ka manta a taga sai gishiri ya taɓa shi. Sannan dole ta zama mai araha, domin shi wannan bikin da yake gudu ya riga ya lashe kuɗin fansho: tabarmi, yadudduka, kananzir, ga kason saniya da aka yanka wa kowane gida.

Ya hau bas ya shiga gari. Ya fara da babban kanti mai sanyin na'ura, inda wani saurayi mai ɗaurin wuya ya fito masa da waya a cikin akwati mai shimfiɗar karan-miski, sai ka ce sarƙar amarya.

"Wannan, ranka ya daɗe, an tace jan ƙarfenta, babu ko ɗigon iska a ciki. Dubi bakinta, ruwan zinariya ne. Har kibiya aka zana, don a san ta inda sauti zai bi."

"Sautin ne ba ya gane hanya sai an nuna masa?"

Saurayin ya yi dariyar ladabi ya faɗi kuɗin. Sekove ya ɗauka na naɗin duka ne, ashe na guntu ɗaya ne da bai fi tsawon hannu biyu ba, kuma ya kai cefanen Kelera na wata.

"Ni bakin zinariyar ma yankewa zan yi in yar. Ba ku da wadda ake aunawa?"

"Wannan kantin ba ma yanka waya, ranka ya daɗe."

Ya fito zafin rana ya mare shi, ransa a ɓace. A bakin kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da abarba, ya ga wata waya a rataye a wata rumfa, kauri kamar ɗan yatsa, robarta garai-garai ana hango jan ƙarfe yana sheƙi a ciki. Araha kuma kamar an tsinto. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana taɓa waya ya kamata ya ɗaga ta ya ji nauyi. Bai ɗaga ba, haushin kantin farko ya rufe masa ido, ya ce a auna.

Sai a gida, da ya feƙe baki ya kankara da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito. Ya kunna ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya zube kamar gashi. Alminiyan ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Irin wannan in ka binne ta kusa da teku, kafin damina biyu ta zama gari.

"Ɓarayi," ya ce, ya yi wurgi da ita tsakar gida.

Kelera ta ɗauka ta ja ta ji ƙarfinta. "Ta yi shanya," ta ce, ta wuce bayan ɗaki da ita.

Washegari ya koma wurin mai rumfar. Mutumin ko kunya babu, ya ce abin da aka yanka an yanka, kuma shi bai taɓa cewa jan ƙarfe ce ba, baba ne ya gani da idonsa ya ce a auna. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Sekove ya ja tsaki ya juya, ya nufi inda ya kamata ya fara zuwa tun farko, inda kuma yake ta kauce wa saboda mai wurin ya cika sa ido.

Shagon Dhirendra yana wani lungu kusa da tashar jiragen ruwa, kayan lantarki a gaba, kayan kwalekwale a baya, ƙura a ko'ina. Ba ƙabilarsu ɗaya ba, amma tare suka yi aiki a masana'anta kafin Dhirendra ya gaji shagon mahaifinsa. Yana ganin Sekove ya jawo roba daga ƙarƙashin kanta ya ɗebo masa kava, jiƙon saiwar da ake sha a nan, a ƙoƙon kwakwa.

"Boso, abokina, ka ɓata. Na ɗauka ka mutu ba a gaya mini ba."

"In na mutu ai kai za a fara gaya wa, don ka kawo kyandir mai tsada." Sekove ya tafa sau ɗaya yadda ake yi, ya shanye. "Wayar lasifika nake so. Ta gaskiya. Kada ka kawo mini shirme, na sha shirme jiya."

Dhirendra ya sauko da naɗi uku ya dire. Ta farko jan ƙarfe ce tsantsa amma siririya. Sekove ya ce a tsawon falonsa za ta shanye ƙarfin ganga, ya ture ta. Ta biyu wayar fitila ce mai kauri, fara, irin ta kowane gida.

"Wannan ta ishe ka," in ji Dhirendra. "Waya waya ce, in dai jan ƙarfe ne kuma da kauri. Balle kai da injin niƙan rake ya gama da kunnenka, ko da igiyar shanya aka haɗa maka ba za ka bambance ba."

"Kunnena ya fi naka. Kai da matarka ke kira sau uku."

"Wannan ba kurumta ba ce, hikima ce."

Sekove ya murza bakin wayar a yatsa. Mai kyau ce, kuma kuɗinta daidai aljihu. Amma ya san yadda jan ƙarfe tsirara yake yin kore a garin nan. "In ta shekara goma a cikin siminti fa?"

Dhirendra ya sauke tabarau. "Siminti? Lasifika za ka haɗa ko kabari za ka gina?"

"Ɓeraye," in ji Sekove. "Suna cin waya."

"Ɓeraye." Dhirendra ya ɗebi kava ya sha, yana kallonsa ta saman ƙoƙon. "Na ji an ce ɗan yayarka zai yi aure. Manyan ɓeraye ke nan, masu mota."

"Ka sayar mini da waya, Dhiren, ban zo wa'azi ba."

"Ni me ya dame ni. Mu namu sai mu ce babu, a yi gaba shekara biyar, a shirya a wurin ƙona gawa. Ku kuwa ba ku iya cewa babu ba, sai dai ku fasa ɗaki."

Ya shiga baya ya daɗe yana motsa kaya, ya fito da ragowar wani naɗi, ja da baƙi, duk ƙura. Wayar kwalekwale ce, jan ƙarfe na gaske da aka yi wa kowane sili rigar kuza don kada gishiri ya ci. Sabuwarta ta fi ƙarfin Sekove, amma wannan ƙarshen naɗi ne da masunta suka raina tsawonsa. Sekove ya ɗaga ya ji nauyi, ya kankara, fari ya tafi, ja ya fito. A karo na farko cikin kwanakin nan ya ji wani abu ya tafi daidai.

Ya fito da igiyar da ya auna falo da ita, mai ƙulli biyu, ya ce a yanka daidai ƙulli.

"Ƙara ko taku ɗaya," in ji Dhirendra. "Wata rana za ka so ka matsar da su."

"Ba za su matsa ba."

"Kyauta zan ƙara maka, mai taurin kai."

"Na ce daidai ƙulli."

Aikin ya ci kwanaki. Ya yi ta dukan kurfi da guduma, ƙura ta hau labule, ta hau hoton aurensu, ta shiga har cikin sukari. Kelera ta daina yi masa magana sai da cokali, ta ƙwanƙwasa kwano in abinci ya sauka. Gwiwarsa ta kumbura, ya ƙona yatsa da dalma. Amma da simintin ya bushe ya share ɗaki ya ɗora faifan wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙan coci, sai ga muryoyin maza na ƙasa sun taso ta cikin daɓe har ƙirjinsa, na mata suna bisa, kowace a wurinta. Kelera da ke fushi ma sai da ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu har waƙar ta ƙare. Ya ji daɗi ranar, ba ƙarya.

Ana saura kwana kaɗan biki, da hantsi, ya ji tsayuwar mota. Ilaitia ya shigo a sunkuye, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa ya harɗe ƙafa. A hannunsa akwai ƙunshin saiwar kava, an naɗe da takarda an ɗaure da zare. Wannan ya ba Sekove mamaki. Vasu ba ya bukatar haka, yana iya shigowa ya sungumi abu ya ce Momo na tafi da wannan. Amma yaron ya zo ta ƙofar girmamawa, kamar mai neman alfarma a wurin babban mutum.

Ya ajiye ƙunshin a gabansa, ya tafa a hankali, ya fara da gaisuwa da ambaton gida da zuri'a yadda ake yi. Yana cikin magana idonsa ya tafi kan lasifikar dama. Ya gangara ƙasa. Tabarmar Kelera ba ta kai bango ba, ga ja da baƙi sun fito daga cikin katako, babu ko maɗauri, sun nutse cikin sabon siminti da launinsa bai gama komawa irin na tsohon ba. Ya dubi ta hagu. Haka.



Sekove ya riga ya shirya nasa tun kwana da kwanaki. "Ɓeraye ne suka dame ni, ɗana. Na ce bari in binne kawai in huta. Ka ga yanzu ko ni ba na iya motsa su."

Duk wanda ya taɓa riƙe wuƙa ya san waya ba ta gagari yanka ba, a yanke a ƙara wata, aikin ɗan lokaci ne. Sekove ya sani, Ilaitia ma ya sani, direban babbar mota ne, kullum cikin haɗa waya yake. Yaron ya sake kallon layin simintin.

"Aiki ya yi kyau, Momo," ya ce. "Da ma zuwa na yi in gaya maka, Nana ta ce kai za ka zauna a saman rumfa ranar Asabar. Shi ke nan." Nana yake ce wa mahaifiyarsa.

Sekove ya karɓi ƙunshin, ya tafa, ya yi addu'ar da ake yi. Ilaitia bai tsaya shayi ba, ya ce akwai itacen da za a ɗauko. Da Sekove ya raka shi bakin hanya sai ya ga abokan yaron biyu zaune a bayan a-kori-kura, ga katifa an shimfiɗa, ga barguna biyu a ninke, ga igiya mai laushi irin wadda ba ta cin katako. Ɗaya ya miƙe zai sauko, Ilaitia ya girgiza masa kai. Motar ta tashi.

"To, ka ci," in ji Kelera daga taga. "Sai ka shiga ka sha kiɗa."

Ya shiga ya ɗora faifai. Sautin yana nan yadda yake, ba abin da ya rage. Waƙa ɗaya bai iya kaiwa ƙarshe ba ya ɗaga allurar, ya ce zafi ya yi yawa a ɗakin.

Ranar Asabar an kafa rumfar kwano a filin gidan Torika, an yi mata ado da ganyen kwakwa. An tone ramin gashi, ƙamshin gwaza da kifi da nama ya cika wuri. Aka zaunar da Sekove a sama kusa da babban akushin kava, aka rataya masa furanni, aka ba shi ƙoƙo a sahun farko. Ba wanda ya ce masa komai. Da ma an ce wani abu da ya fi masa sauƙi.

Lasifikokin haya ne, baƙaƙe, an ɗaure su a jikin turaku. Daga inda yake zaune yana hango wayar, siririya kamar zaren ɗinki, an yi mata ƙari wuri uku an naɗe da salatif, tana kwance inda yara ke gudu. Limamin coci ya fara sa albarka, rabin maganarsa ta fita, rabi ta maƙale. Mahaifin amarya, tsoho da ya taso tun daga garin Ba da jawabinsa a ƙirji, ya miƙe yana ambaton kakanni, abin ya yi ƙara ya tsage kunne, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Tsohon ya ci gaba da motsa baki, na baya suna cewa ba ma ji. Wata mata ta ce, ba da ƙarfi ba amma ya isa, "A dangin da ke da mai gyaran injina."

Sekove ya kasa daurewa. Ya cire furannin ya lallaɓa ta gefen rumfa ya durƙusa a kan ƙarin farko, ya fara warware salatif. Hannunsa ya san aikin, minti kaɗan ya ishe shi. Sai ɗaya daga cikin samarin a-kori-kurar nan ya dafa wayar.

"Bar shi, Momo. Kai baƙo ne yau, kada ka ɓata kayanka."

Da ladabi ya faɗa, har da sunkuyar da kai. Sekove ya miƙe ya koma wurinsa.

Lokacin cin abinci ya ga Torika ta taso daga wajen mata da faranti a hannu. Tun da suka girma ba su cika magana kai tsaye ba, haka ake tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa, akwai kunya, saƙo sai ta bakin yara ko ta bakin Kelera. Bai tuna rabon da ta kawo masa abinci da hannunta ba. Ta durƙusa da ƙyar saboda ƙafarta, ta ajiye farantin, kan kifi ne babba, rabon manya. Ba ta dube shi ba, tabarma take kallo.

"Da ka ce masa a'a da bakinka," ta ce a hankali, "da ya zo ya gaya mini, in zage ka a raina, in huce kafin Lahadi. Kayanka ne. Shi ma ya san abin da aka yi wa na farkon, shi ya sa ya ari katifa, ya ce da kansa zai zauna kusa da su har a tashi." Ta gyara zaman farantin. "Ya dawo ranar bai ci abinci ba. Ya ce Nana, ban san Momo kallon ɓarawo yake mini ba, har ya fasa ɗakinsa saboda ni."

Sekove ya buɗe baki. Maganar ɓerayen tana nan a shirye, ita kaɗai gare shi, kuma ya san in ya faɗe ta a gaban Torika ya gama zubar da abin da ya rage. Ya rufe bakin.

Ta dafa turke ta miƙe ta koma wajen mata. Can gefe Ilaitia yana tsugune da kayan angonci, shi da abokinsa, suna ta murɗa wayar haya ko za ta kama, don an ce amarya za ta yi wa iyayenta waƙar ban kwana. Sau ɗaya ya ɗago, idonsu ya haɗu, ya yi wa kawunsa murmushin da ake yi wa baƙo, ya mayar da kai kan aikinsa. Dattijon da ke kusa da Sekove ya taɓa shi ya ce ya ci mana, kifin zai huce.